Kafin ka biya kuɗin fulotin bayan filin jirgi

Ɗana Sani,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, kai da Hauwa da yara. Mahaifiyarka ta isar mini da saƙonka cewa dillali ya nuna maka fuloti kusa da filin jirgin Malam Aminu Kano, kuma kuɗinsa bai kai na irinsa a wasu unguwanni ba. Kada ka ba da ko kafin alƙalami sai ka gama karanta takardar nan. Araha ba ta ado, kuma arahar wannan gefen tana da dalili.

Ka fara sanin cewa gari ne ya je ya tarar da filin. A Nuwamban 1925 jirage uku na sojan saman Ingila suka taso daga Masar suka sauka a filin wasan dawaki na Kano. A 1936 aka fara jigilar wasiƙu da fasinja tsakanin Khartum da Kano. Lokacin yaƙin duniya na biyu ana harhaɗa jiragen yaƙi a Takoradi, su biyo ta Kano da Maiduguri su wuce Sudan da Masar. Bayan yaƙin, da yawa daga jiragen da ke tsakanin Turai da kudancin Afirka sukan ya da zango a Kano su sha mai kafin su tsallaka Sahara. A duk wannan zamani gonaki ne kewaye da filin. Da aka samu jirage masu dogon zango, waɗanda ba su buƙatar tsayawa, wannan kasuwa ta ja baya. Gari kuwa bai ja ba. Kurna da Bachirawa da Kwana Huɗu da Jaba suka yi ta cika, yawanci da awon igiya, har gidaje suka matso jikin shinge. Filin jirgi ba ya ƙaura, faɗaɗa yake yi, kuma idan zai faɗaɗa maƙwabcinsa ne ke matsawa.

Abin da za ka duba kafin takardu shi ne inda fulotin yake idan aka ja layi daga titin jirgin. Buɗe taswira a wayarka. Babban titin ya kai kusan mita 3,300, kuma lambarsa 06/24, ma'ana kansa ɗaya yana kallon arewa maso gabas, ɗayan kudu maso yamma. Miƙa wannan layi gaba da baya, kilomita biyar kowane gefe. Gidan da ke gefen titi da nisan kilomita ɗaya ya fi samun sauƙi a kan wanda ke kan layin da nisan kilomita uku. Jirgi mai sauka yana gangarowa ne a hankali, kimanin mita 52 a kowace kilomita. Wato idan saura kilomita biyu ya taɓa ƙasa, tsakaninsa da rufin gida bai wuce mita ɗari da 'yan kai ba.

Ga abin da dillali ba zai faɗa maka ba, wataƙila shi ma bai sani ba. Jirgi yana tashi yana sauka ne yana fuskantar iska. Da hunturu iska daga arewa maso gabas take, saboda haka yawanci jirage sukan shigo ta kan gari su sauka, su tashi su nufi arewa maso gabas. Da damina iska ta juya, sai su tashi ta kan gari. Tashi ya fi sauka ƙara, domin a lokacin injin yake ba da duk ƙarfinsa. Wurin da ka ji shiru a Janairu yana iya hana ka jin maganar wanda ke gefenka a Agusta. Ka je wurin sau uku aƙalla: bayan asuba, da rana, da bayan isha. Ka tambayi matan unguwar yadda dare yake lokacin jigilar alhazai, sun fi maza sani, su ke fama da yaran da suka firgita. Ka tuna kuma sojan sama suna amfani da filin, jiragensu ba su bin jadawalin fasinja. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2018 cewa matsakaicin ƙarar jirage a unguwa kada ya wuce desibel 45 (desibel ma'aunin ƙarfin ƙara ne), da dare kuma 40. Ƙarƙashin layin tashi, jirgi ɗaya yakan ninka wannan nesa ba kusa ba yayin wucewarsa. Za su ce maka ana sabawa. Kunne yana sabawa, barci ba ya sabawa.

Maganar hatsari ba na so in tsorata ka da ita, ba kullum take faruwa ba. Amma yawancinsa wajen tashi da sauka ne, kuma a kan wannan layi. Ranar 4 ga Mayu 2002 jirgin fasinja ya taso da rana tsaka, ya kasa ɗagawa, ya faɗa kan gidaje a Gwammaja. Mutum fiye da ɗari suka rasu, cikinsu har da waɗanda ke zaune a gidajensu. Allah Ya jiƙansu. Gwammaja ba ta jikin shinge, kan layi take.

Sai takardu, kuma a nan mutane suka fi yin asara. Takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu tana nuna ka biya kuɗi, ba ta nuna filin na mai sayarwa ne. Shingen da kake gani ma ba lalle shi ne iyakar ƙasar filin jirgi ba, ƙasar FAAN, hukumar kula da filayen jiragen sama ta tarayya, tana iya zarce shi. Ka ɗauki safiyo mai rajista ya ɗauko maka lambobin kusurwoyi huɗu na fulotin, ka kai KANGIS, ofishin taswira da bayanan filaye na jihar Kano, a duba ko yana cikin ƙasar da gwamnati ta karɓa ko ta ware. Ka je KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, ka tambaya ko za su ba da izinin gini a wurin. In sun ce a'a, magana ta ƙare. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, kuma ta ba shi ikon soke mallaka saboda amfanin jama'a. Diyyar da ta tanada ta abin da ke kan filin ce, gini da shuka da itatuwa, ba ta kuɗin da ka ba dillali ba. Mai fuloti fayau kusan hannu rabbana yake tashi, wanda ya yi gini babu izini a ƙasar hukuma kuwa rusau ne kawai. Ko masu gonakin gado sai sun yi da gaske: aikin titin jirgi na biyu a Abuja ya daɗe yana jan ƙafa, kuma taƙaddamar diyya da mutanen Jiwa na cikin dalilai.

Tsawon gini ma yana da ƙa'ida. Daga kusa da ƙarshen titi, a kan layin, mita biyu ake yarda da shi a kowane mita ɗari na nisa: a mita 500 tsawo goma, a kilomita ɗaya tsawo ashirin, kuma daga tsayin ƙasar titin ake ƙirgawa, ba daga ƙofar gidanka ba. Tankin ruwa da eriya suna cikin lissafi. A kewayen kilomita huɗu kuwa iyakar mita 45 ce. Bene mai tsawo ko ƙarfen sabis sai da izinin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa.

In fulotin ya tsallake duk wannan, ka gina shi da sanin inda yake. Ƙara daga sama take zuwa, saboda haka doguwar katanga da itatuwa ba su tare ta. Rufi ne da tagogi. Kwano zalla babu silin ganga ne. Ka sa silin mai kauri, in da hali ka zuba dakin a kan ɗakunan kwana. Ka bar tagar luba, ka sa mai rufewa ruf da roba a bakinta, domin duk inda iska ta shiga ƙara ta shiga. Kwanon kuma a ɗaure shi da ƙusa mai zare, a ɗaure katakon da ƙarfe a jikin bulo, saboda guguwar da fikafikan babban jirgi ke bari a baya tana iya ɗaga rufin da ba a kama da kyau ba. Kada ka yi kiwon tattabaru a wurin, kuma ka lura ko akwai bola ko kwata kusa. Suna tara shirwa da balbela, tsuntsu ɗaya a cikin inji yana iya juyo da jirgi.

Ban hana ka gefen gaba ɗaya ba. Shago ko gidan haya wajen titin Katsina da sansanin alhazai yana da kasuwa. Gidan da yara za su kwana su yi karatu shi nake so ka nesanta da layin.

Ka turo mini lambobin safiyon da hoton takardar da dillalin ya nuna maka kafin Juma'a. Ka gaida Hauwa, ka shafa mini kan yara.

Mahaifinka