Sarin gidaje a Amurka da kwas ɗin da ake sayar wa yaranmu

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina rubuto maka daga Shikago. Watan jiya ɗan yayana da ke Kano ya kira ni cike da murna, wai ya biya kuɗin wani kwas a intanet, za a koya masa sarin gidaje a Amurka daga ɗakinsa, ba jari, ba lasisi. Tun daga "ba lasisi" ɗin na san an yi masa shigo-shigo ba zurfi.

Ga yadda harkar take. Mutum zai nemo mai gidan da ke cikin matsi: tsohuwar da harajin gida ya taru mata, ko magadan da ke son a raba kowa ya kama gabansa. Sai ya sa hannu a yarjejeniyar cewa zai saya, a ce dala 100,000, ya ajiye ɗan kafin alƙalami. Ba shi da kuɗin, ba shi ma da niyyar saye. Takardar zai ɗauka ya sayar wa wani mai jari da zai karɓi gidan a kan dala 115,000, ya soke rarar a aljihu. Dillalin Kano dai kowa ya san la'ada yake ci, a gaban mai saye da mai sayarwa. Wannan kuwa zuwa yake da rigar mai saye, tsohuwar ba ta san gidanta ya fi haka daraja ba. In bai sami wanda zai karɓi takardar ba, ya sulale, ita kuma ta riga ta ɗaure kayanta.

Irin wannan ne ya sa hukumomi suka shigo. A nan jihar Illinois, tun 2019 duk wanda ya yi irin wannan ciniki fiye da sau ɗaya cikin wata 12, doka ta ɗauke shi dillali, dole ya mallaki lasisi, wato ya zauna karatu ya ci jarrabawa. Birnin Filadelfiya ya wajabta lasisi a 2020, jihar Oklahoma ta bi sahu a 2021. Na sa yaron ya duba darussan da aka turo masa. Ko sau ɗaya ba a ambaci doka ba, sai hotunan motoci da cak na banki.

Ban ce kowa a harkar macuci ne ba. Akwai masu gaya wa mai gida gaskiya tun farko, har su nuna masa ribarsu a rubuce. Amma waɗannan ba a bidiyo suka koya ba. Wani suka bi, ya nuna musu yadda ake karanta yarjejeniya, yadda ake binciken bashin da ke kan gida, da lokacin da ake kiran lauya. Haka mu ma muka gada: yaro ya yi shekaru yana bin ubangidansa kafin a bar shi ya tsaya kan cinikin fili shi kaɗai. Su kuma malamanmu, da za su dubi wannan ciniki tare da hadisin Hakim bin Hizam da ya hana mutum sayar da abin da ba ya hannunsa, da sun taimaka.

Roƙona, Malam Edita, kafin ku karɓi tallar irin waɗannan kwasa-kwasai, ku tambayi mai tallar a wace jiha yake da lasisi. Shi kuwa ɗan nawa, kuɗinsa sun tafi. Na sa mahaifinsa ya haɗa shi da wani dattijon dillali a unguwarsu, ranar Litinin zai fara bin sa.

Naka,
Mai karatu daga Shikago