Wasiƙa daga Bronx, a birnin New York, kan maganar Auta

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da Hajiya da yara. Mu nan alhamdu lillahi, sai sanyi.

Na ji ana yaɗawa a unguwa wai an ɗaure Auta shekara biyar. Ba gaskiya ba ne, ko shari'ar ba a fara ba. Takardar tuhuma ce ta fito. A kotun tarayyar Amurka, lauyan gwamnati ne ke kai hujjojinsa gaban wasu mutanen gari, 16 zuwa 23, a asirce, lauyan wanda ake zargi ba ya shiga. In 12 cikinsu suka ga akwai ƙamshin gaskiya a zargin, shi ke nan, takarda ta fita. Ɓangare ɗaya suke ji, shi ya sa da wuya su ƙi. Ɗauri kuwa sai wasu 12 daban sun zauna gaban alƙali, sun saurari kowa, bakinsu ya zo ɗaya ba tare da kokwanto ba. Ko kuma shi da kansa ya amsa laifi.

Zargin shi ne yana tura wa mutane kuɗi gida ba lasisi. Biyar ɗin da ake ta faɗa ita ce iyakar da doka ta sa wa laifin, ba hukuncinsa ba. An karanta masa a kotun Manhattan, ya ce bai aikata ba, aka karɓe fasfonsa aka ba da belinsa. Doka ta ce a fara shari'a cikin kwana 70, amma lauyoyi kan nemi ɗagewa, don haka kada jinkiri ya tayar muku da hankali.

Abin da ke hana ni barci shi ne tayin sassauci, wato ya amsa laifi a rage masa hukunci. Yawancin shari'o'in nan da amsa laifi suke ƙarewa, kuma wani laifin in baƙo ya amsa, sai a kore shi ko yana da katin zama. Tun 2010 Kotun Ƙoli ta wajabta wa lauya ya gargaɗe shi kan haka. Na ce kada ya sa hannu a komai sai ya ga lauyan shige da fice. Na san Hajiya za ta ce ina ido na yake. Ba komai.

Kada a sayar da gonar nan, Yaya. Kotu ta ba shi lauya kyauta. Duk wanda ya ce a kawo kuɗi zai ga alƙali, ɗan damfara ne. Ka ja wa Kawu kunne ya daina tura masa saƙon murya a WhatsApp kan kuɗin mutane, irin wannan shi ake kunnawa a kotu.

Na turo dala 200 ta banki: maganin Hajiya tukuna, saura kuɗin makaranta. Gonar dai kada a taɓa ta.

A gaida Hajiya, a ce ta sa mu a addu'a.

Ƙanenka