Sanarwa: Zaɓen Sabbin Shugabanni

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Shekara biyu ke nan ina riƙe da shugabancin ƙungiyarmu, lokaci ya yi da wani zai karɓa. Za mu zaɓi shugaba da ma'aji ranar Asabar bayan La'asar, a Aboabo inda muka saba haɗuwa. Albashi dai babu, sai lada. Ko kuɗin trotro daga aljihunka yake fita.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne ƙarancin ƴan rakiya, wato masu riƙe wa makafi igiya su yi gudu tare da su. Makon jiya a filin wasa na Baba Yara, makafi uku suka zo gudu, mai riƙe musu igiya ɗaya tal. Wata ƙanwarmu ta zauna da takalminta a hannu har aka tashi. Duk mai son kujerar nan, da wannan zai fara.

Ku turo sunaye nan kafin daren Alhamis.