Zuwa ga Babana a birnin Tur, ƙasar Faransa

Assalamu alaikum. Duk muna lafiya, sai kewarka.

Goggonka ta zo min da hoton da ka ɗauka a ƙofar cocin Rims tana ta salati. Na ce ta kwantar da hankalinta, mai karatun tarihin Farankawa, mutanen da suka mulki ƙasar a da, dole ya je garin da aka yi wa sarkinsu Kulobis baftisma. Abin da ya hana ni barci shi ne maganar da ka yi wa ƙanenka a waya, wai ka gano addini duk dabarar sarakuna ce.

Na san inda ka samo ta, mu ma an karantar da mu waɗannan sarakuna a lakwal tun ba a haife ka ba. Kulobis ya karɓi addinin matarsa, malaman coci suka mara masa baya, a 507 ya ci maƙwabtansa Bisigotawa da yaƙi. Sharl Martel, jagoran Farankawa da ake yi wa kirari da yaƙin da ya yi da rundunar Musulmin Andalus a 732, gonakin coci ya riƙa raba wa mayaƙansa. Ɗansa Fefan da ya so gadon sarauta a 751, sai da ya nemi yardar Fafaroma Zakariya, sannan aka kama sarki mai ci, aka aske masa dogon gashin nan da yake alamar gidansu, aka kai shi gidan sufaye. Wani Fafaroman ya ƙetaro duwatsu da kansa, a 754 ya shafa wa Fefan man naɗin sarauta, shi kuma Fefan ya yaƙi Lombardawan Italiya ya miƙa wa Fafaroman garuruwa. Ba ni gishiri in ba ka manda ne, ban musa ba.

To amma da ka zo kan Sharlaman ɗan Fefan, me ya sa ka tsaya a rabin hanya? Ya shekara talatin da wani abu yana yaƙar Saksonawan arewacin Jamus, a 782 aka kashe mutum 4,500 daga cikinsu a garin Ferdan, ya kafa doka cewa wanda ya ƙi baftisma hukuncinsa kisa. A fadar nan tasa akwai Alkuwin mutumin Yok ta Ingila, malamin da sarki ya ɗauko ya ɗaukaka. Shi ya rubuta cewa imani ba ya shiga da tilas, a fara koyar da mutane kafin a matsa musu da ushiri. Wanda ya ɗauki addini dabara ba ya gaya wa mai ciyar da shi haka. Ba addininmu ba ne, amma mutumin ya yarda da abin da yake kai.

Kai kuwa ka karanta rabin labari ka zo kana yi wa yaro ɗan sakandare wa'azin banza. Ba don wannan na sayar da gonar bakin tafki ba. Kawunka ya ce kar in bar ka ka tafi, na tsaya kai da fata, har yau ba mu shirya sosai ba. Ina tambayarka, kuma kar ka yi min kwana-kwana: kana salla? Asuba nake nufi, a sanyin can.

Ban ce ka bar karatun ba, ka zurfafa ma. Kaifin kanka na kakanka ne, shi ya sa nake tsoro. In wani abu ya shige maka duhu, ni za ka kira, ba ƙanenka ba. Innarka ba ta san da maganar nan ba. Ta ba da kilishi da yaji a kawo maka, ka kira ta ran Juma'a.

Mahaifinka,
daga Damagaram