Godiya ga masu shagon haɗa intanet na Ahmadu Bello Way

Assalamu alaikum.

Ina da ɗan masauki mai ɗakuna 14 a Rigasa, kusa da tashar jirgin ƙasa, kuma yawancin baƙina 'yan jirgin Abuja ne. Shekara biyu ke nan da na sa Wi-Fi. Baƙo zai karɓi 'yar takarda mai lamba a kanta, ya buɗe waya, shafi ya fito, ya rubuta lambar ya shiga. A faɗe abin sauƙi gare shi.

Amma wallahi na sha wuya. Mutum zai ajiye waya ya shiga wanka, kafin ya fito an kore shi, sai ya sake rubuta lamba. Wani ya sa lambar a waya, ya zo sawa a kwamfuta ta ƙi. Akwai daren da wani Alhaji ya buga mini ƙofa ƙarfe 1, carbi a hannu, yana tambaya ko da gangan muke yanke masa don ya sayi wata takardar. Kunya ta rufe ni, don ni kaina ban san amsa ba.

Masu gyara uku na kira kafin ku. Na farko ya ce akwatin da ke raba Wi-Fi ɗin ya tsufa, na sayi sabo, ba ta sake zani ba. Na biyu ya ɗora laifin kan hazon hunturu, alhali muna tsakiyar damina. Na uku ya karɓi kuɗin mota, har yau wayarsa a kashe.

Da kuka turo mini yarinya da jaka a baya, gaskiya na raina ta a zuciya. Allah Ya yafe mini. Ta gaishe ni, ta ce, "Baba, ara mini wayarka." Ta shiga, ta kashe fuskar wayar, ta kife ta a kan benci, muka zauna tana kallon agogo. Bayan ɗan lokaci ta juyo mini kwamfutarta: sunan wayata ya ɓace daga jerin waɗanda ke ciki.

Ta ce akwatin nan, ƙirar kamfanin MikroTik, yakan riƙa taɓa kowace waya ya ji ko tana nan. Idan ta yi barci, minti 2 ba ta amsa ba, sai ya ɗauka mai ita ya tafi, ya rufe masa. Haka yake zuwa daga kamfani, kuma cikin ukun nan babu wanda ya leƙa wurin. Ta ƙara lokacin, ta kunna wata shaida da ke sa akwatin ya tuna wayar da ta riga ta shiga har kwana 3, sannan ta mai da kowace lamba ta ɗauki na'ura biyu maimakon ɗaya. Na ce, "'Yata, me zan saya?" Ta ce ko allura.

Abin da ya fi ratsa ni shi ne da ta nemi littafin lissafina, ta rubuta lambar sirrin akwatin da hannunta a bangon ciki, ta ce kayana ne, bai kamata a ɓoye mini ba. Shekara biyu ban san ma akwai ta ba!

Wannan ɓoye-ɓoyen shi ke kashe mu a garin nan. Mai gyaran janareta ya kwance abu ya ƙi faɗa maka sunansa, mai sola ya riƙe takardun batir, kowa so yake ka dawo kana roƙonsa. In ka yi tambaya a ce maka "ba za ka gane ba, Alhaji", sai ka ce ba da kuɗinka aka sayo kayan ba.

Yau sati uku ina barci har asuba. Ku gaishe mini da ita, Allah Ya yi mata albarka, ku kuma Ya ƙara buɗi.

Naku,
Mai masauki, Rigasa, Kaduna