Ba tsufan kwalba ke sa tsadar giyar Faransa da Italiya ba

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahoton da kuka buga a shafin kasuwanci kan manoman inabi na yankin Bordeaux a Faransa, waɗanda aka yi wa tayin Yuro 6,000 a kowace hekta don su tuge kurangarsu. Rahoton ya yi ma'ana, sai dai akwai jimla guda da ta tsaya mini a rai, inda marubucin ya ce tsadar giyar inabi daga daɗewarta a kwalba take zuwa. Ba haka abin yake ba. Hukuncin giya a addininmu sananne ne, ba shi na zo tattaunawa ba, ba kuma talla nake yi mata ba. Amma tunda jarida ta ɗauko zancen a matsayin noma da ciniki, ya kamata a faɗe shi daidai.

Mafi yawan giyar da ake yi a ƙasashen nan biyu ba ta jure ajiya. Ta yi 'yan shekaru ta salance. Abin da ake biyan kuɗi a kai shi ne sunan filin da inabin ya fito, da dokar da ke tsaron sunan. Gonar Romanée-Conti da ke yankin Burgundy na Faransa ba ta cika hekta biyu ba, amma kwalbarta guda ta fi motar wasu kuɗi. A wannan yankin dai, ka gangara ƙasan tudu, irin inabi ɗaya ne, wato Pinot Noir, shekara ɗaya, farashi kuwa ko kusa. Bambancin yana ga tsakuwar ƙasar, da yadda ruwa ke tsiyayewa, da inda tudun ya fuskanta.

Asalin wannan tsari na tsaron suna kuwa bala'i ne. Wajen 1863 kuranga ta fara bushewa a kudancin Faransa ba a san dalili ba. Ana tono waɗanda suka mutu, sai a tarar da saiwa ta ruɓe, babu ƙwaro babu alamarsa, domin ya riga ya yi ƙaura zuwa na gaba. Sai a 1868 masanin tsirrai Jules-Émile Planchon da abokan aikinsa suka tono kurangar da ke da sauran ranta, suka ga saiwar liƙe da wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari rawaya, kamar ƙwarƙwata. Shi ne filoksera, wanda ya shigo tare da dashen Amurka. Yana tsotsar saiwa, wurin cizon ya kumbura, ruɓa ta shiga, cikin 'yan shekaru itacen ya tafi. An gwada cika gona da ruwa na tsawon makonni a lokacin sanyi, an gwada ɗura guba a ƙasa. Wanda bai yi tsada ba, bai yiwu a kan tudu ba. Abin da ya yi magani shi ne aure, irin wanda muke yi wa mangwaro: gindi na kurangar Amurka mai jure ƙwaron, reshe na irin Turai. Nan ma an sha wuya. Gindin da aka fara amfani da shi ba ya son ƙasa mai alli, ganye sai ya koɗe ya yi rawaya, har sai da aka nemo wani irin daji daga Texas aka yi barbara da shi. Kuma duk mai dasa ɗan aure ya san sharaɗin: mahaɗar ta kasance a saman ƙasa. In aka binne ta, reshen Turai zai fid da tasa saiwar, ƙwaro ya sami ƙofa, an koma gidan jiya.

Neman gindin Amurka ya jawo wata cutar, funfunar ganye, wadda ta bayyana a 1878. Maganinta ma a Bordeaux aka gano shi, ta hannun Alexis Millardet: shuɗin sinadarin jan ƙarfe da farar ƙasa a ruwa. Ma'aunin da aka saba shi ne kilo 1 na kowanne a lita 100, a narka su daban-daban sannan a haɗa, a fesa a ranar. Farar ƙasa ta yi kaɗan, ganye ya ƙone. Ana fesawa kafin ruwan sama, don kariya ce, ba ta warkar da ganyen da ya kamu. Jan ƙarfen yana taruwa a ƙasa, shi ya sa Tarayyar Turai ta ƙayyade shi ga kilo 28 a hekta cikin shekara 7.

Da inabi ya yi ƙaranci, 'yan algus suka cika kasuwa. Ana jiƙa busasshen inabi, a zuba sukari da ruwa da kala, a manna sunan garin da ya yi fice. Farashi ya karye har manoman Languedoc suka yi bore a 1907, na Champagne a 1911. Daga nan aka kai ga dokar 1935 wadda ta kafa tsarin AOC, wato rajistar da ke kare sunan yankin da giya ta fito, kuma yankin Châteauneuf-du-Pape na cikin na farkon da suka samu a 1936. Dokar ba iyakar gari kaɗai take shatawa ba. Tana faɗin irin da za a dasa, yadda za a datse rassa, da yawan amfanin da ba za a wuce ba.

Wannan na ƙarshen shi ne ke ba manominmu mamaki, domin mu yawan buhu muke nema. A Barolo da ke arewacin Italiya, irin Nebbiolo kaɗai aka yarda da shi, kuma ba a wuce tan 8 a hekta. Manomi kan bi gona tun inabi yana ɗanye ya yanke wasu nonnan ya zubar, don na sauran su tara zaƙi da kauri. Bayan an matse, sai an ajiye wata 38, daga ciki 18 a gangar katako, kafin a sa sunan Barolo. Brunello di Montalcino, wani nau'in giyar Italiya wanda iyalin Biondi-Santi suka fito da shi, irin inabin Sangiovese ne zalla, ba ya shiga kasuwa sai a shekara ta biyar bayan kaka. To a nan ne ajiya ke da hannu a farashi, amma ba don tsufa yana da daraja ba: jari ne a kulle shekara da shekaru, ganga tana shanye wani kaso, ga kuɗin rumbu. Su kuwa masu giyar Amarone a kusa da birnin Verona shanya inabin suke yi a kan taragu a ɗaki mai iska wajen wata uku zuwa huɗu, har ya rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa. Danshi ya yi yawa a ɗakin, ruɓa ta cinye wahalar shekara.

Champagne ta fi kowa ƙa'ida. Da hannu ake tsinka. Daga kilo 4,000 na inabi, lita 2,550 kacal aka yarda a tatsa. Abin da ya biyo baya ba ya shiga. Kumfar da ake gani kuwa daga tsimi na biyu take a cikin kwalba: a ƙara sukari kamar giram 24 a kowace lita tare da yisti, a toshe, iskar da ta taru ta kai ninki biyu ko fiye na wadda ke tayar mota. Kafin a iya auna sukari daidai, kwalabe fashewa suke yi a rumbu, ɗaya ta tayar da na kusa da ita. Mafi ƙarancin ajiya wata 15 ne. Prosecco ta Italiya a babban tanki ake yi mata wannan tsimin, cikin makonni, shi ya sa take da araha.

Ba na cewa doka ba ta kuskure. Italiya ta kafa nata tsarin irin na AOC, mai suna DOC, a 1963, ta tilasta wa masu giyar Chianti cakuɗa farin inabi a cikin ja. Gidan Antinori da suka ƙi bi da giyarsu Tignanello, da masu Sassicaia da suka dasa irin Bordeaux a gaɓar tekun Tuscany, dole suka sayar a ƙarƙashin matakin da ya fi kowane ƙasƙanci, alhali farashinsu ya dame na masu takarda. Daga baya dokar ce ta bi su, aka buɗe sabon mataki a 1992. Rarrabewar manyan gidajen giyar Bordeaux sahu-sahu ta 1855 ma, wadda aka yi don baje kolin Paris, kusan daskararriya ce: babban sauyin da aka yi mata shi ne ɗaga Mouton Rothschild zuwa sahun farko na Lafite da Latour da Margaux da Haut-Brion a 1973. Kuma inda sa ido ya yi sakaci, rai ake rasawa. A 1986 wasu 'yan kasuwa a yankin Piedmont na Italiya sun zuba mitanol, wani sinadari mai guba, a giya mai araha don ƙara mata ƙarfi, kusan mutum 20 suka mutu, wasu suka makance.

Wayon da ya fi burge ni shi ne na 2009. Kafin lokacin, Prosecco sunan irin inabi ne, kowa na iya dasa shi a ko'ina ya yi amfani da sunan. Sai Italiya ta sauya wa irin suna zuwa Glera, ta mai da Prosecco sunan yanki. Irin wannan rajistar ce Nijar ta nema wa kilishinta da albasar Galmi a OAPI, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta wasu ƙasashen Afirka, kuma ta samu.

Waɗanda ke tuge kuranga a rahotonku ba masu manyan gidajen 1855 ba ne. Ƙananan manoma ne da lakabinsu bai wuce “Bordeaux” kawai ba, masu sayarwa a tanki ga dillalai, ga shi shan jar giya ya ragu a Faransa kanta, kasuwar China kuma ta ja baya. Da tsufa ne ke sa tsada, da sai su rufe rumbu su jira. Ina roƙon a gyara wannan jimla a fitowa ta gaba.

Na gode.

Mai karatunku,
daga Zariya