Rumfar motar Baba

Aminina,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya ruwan Fatakwal? Na san za ka ce sai da buƙata na tuna da kai. Gaskiya wannan karon albishir ne, don tun shekaranjiya bakina ya ƙi rufuwa.

Land Rover ɗin Baba ta fito daga bayan gida. Ita dai, gajerar nan Series III mai inci 88 da ka koyi tuƙi da ita a hanyar Bukuru, har ka kusa tura mu cikin kududdufin kuza. Kawu bai manta ba, kullum sai ya tambaye ni ko "direba" na nan lafiya.

Ka san burina in cire mata rufin nan mai nauyi in mayar da rumfar tamfol, kamar yadda take a hoton da ke ɗakin Hajiya. Na kai ta gareji a Farin Gada. Wani mai walda yana leƙawa ya ce aikin minti talatin ne, zai huda bodi ya liƙa ƙarafa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Bodin motar nan alminiyam ne, tun 1948 haka kamfanin ke ƙera su a Solihull ta Ingila, saboda ƙarancin ƙarfe bayan Yaƙin Duniya na Biyu. In ka ɗora masa baƙin ƙarfe tsirara, ruwan Agustan Jos ya shiga tsakani, wurin zai riƙa yin farin gari har ya ɓule. Na ce kada wanda ya taɓa ta.

Sai wani dattijon bakanike, wanda ya ce a zamanin kamfanonin kuza ya koyi aiki, ya sa yara suka kwance notika aka ɗaga rufin. Ya sa yatsa a kusurwar baya ya ƙwaƙulo jar ƙasa da gidan zanzaro. Wallahi ga rami nan zagayayye, daidai inda ƙafar ƙarfen rumfa ke zama. Ɗaya kusurwar ma haka. Ya kankare fentin gefe, sai ga ƙananan ƙugiyoyin da ake zarga igiyar tamfol, a jere da ribitinsu na asali, biyu kawai suka karye. Tun daga kamfani an bar wa rumfa gurbinta, shekara da shekaru muna wucewa ba mu gani ba. Na shafa wurin, na tuna hannun Baba yana ɗaure igiyar nan, sai da na koma gefe na goge ido.

Af, ƙanwar matarka ta haihu, namiji, suna ranar Asabar. Kuma mai shayin bakin Terminus ya ƙara aure, ka ji mutumin da ke cewa daga ɗaya ya rufe ƙofa.

Yanzu saura ƙarafan rumfar masu lanƙwasa. Dattijon ya ce kada a ƙera da ka, a nemo na asali ko da tsofaffi ne a gwada a kai, don in faɗin ya kauce tamfol zai riƙa tara ruwa a tsakiya. Telan kujerun mota ya auna, ya ce a sayo tamfol mai kauri a kasuwar Katako. Uwargida kuwa ta rantse ba za ta shiga motar tamfol da hunturu ba.

Ka zo da Babbar Sallah mu hau Duwatsun Shere, mu kwantar da gilashin gaba a kan bonet. Amma ni zan tuƙa.

Ka gaishe da Maman yara.

Naka har kullum.